Yadda Na Kai Inna Tashar Goro

Tun ranar da na dawo Tawa ban ɗinka riga guda cikin natsuwa ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo rumfa: "Alkasum, wai da gaske ka shiga jirgin ƙasa? Kaka yake?" In na gama da shi ya tashi, wani ya zauna a tabarmar ya ce in soma daga farko. Jiya har hannun riga na ɗinka a baibai saboda surutu. Malam Sule, mushen lakkwal, wato malamin makarantar bokon bayan kasuwa, shi ya ba ni shawara in zauna in faɗe shi gaba ɗaya sau guda in huta. To ga shi nan. Wanda ya makara ya tambayi wanda ya riga shi zama.

Mu mutanen Bambeye ne. Ni ne auta, na zo Tawa koyon ɗinki tun ina yaro, na zauna. Wana Illa shi ne ɗan farin Inna. Ya tafi Abijan tun fari na farko, wanda ya ƙare dabbobin mutane kafin soja su karɓi mulki. Kowa ya san halin samarin ƙasarmu ta Adar, su tafi bayan kaka su dawo da damina, ko su daɗe kaɗan su dawo da rediyo da akwati. Illa bai dawo ba. Da farko yana aiko da zane da sabulu, daga baya shiru. Babanmu ya rasu bai zo gaisuwa ba. Sai bayan damanar bara, wadda muka yi ta shuka tana ƙonewa, wani mutumin garinmu mai suna Cindo ya dawo daga can da labari. Ya ce Illa yana nan da rai a wata ƙaramar tashar jirgi a bakin Abijan, wadda mutanenmu suke kira Tashar Goro. Dako yake yi a wurin. Ranar wani ruwa ya zame daga kan katako da huhun goro a kansa, ƙafarsa ta shiga ƙarƙashin tarago, aka yanke ta daga gwiwa. Kunyar komowa gida da ƙafa guda ita ta hana shi ko sallahu.

Ran kasuwar Tawa ina cikin aiki sai ga Inna tsaye a bakin rumfa da ƙunshi a ka. Ko zama ba ta yi ba.

"Ruhe rumfa. Za ka kai ni wurin wanka."

"Inna, kin san inda Abijan take?"

"Kai ka sani?"

"A'a."

"To mu biyu ba mu sani ba. Mu tahi muna tambaya."

Inna ba ta taɓa faɗin sunan Illa ba tun da ta haife shi, kun san kunyar ɗan fari. "Wanka" take cewa, ko "wancan". Duk tsawon tafiyar nan ban ji sunan a bakinta ba ko sau guda.

Dangi suka haɗa mana guzuri, muka shiga neman takardu. Aka yi mana lambar rigakafi a asibiti. Wurin mai hoto ne muka sha dariya. Ya zaunar da Inna a kujera ya ce kada ta motsa, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Ya gama, ya shiga wankin hoto, ni kuma na tsaya hira da wani. Da na waiwayo Inna tana nan a sandare, ƙuda yana yawo a hancinta. Ta cikin haƙora ta ce, "Shi yaron nan ya mutu ne a cikin buhun?"

Motar albasa muka samu zuwa Yamai. Direban ya sa Inna gaba kusa da shi, ni na hau kan buhuna. Abin da na gani a hanya ba baƙo ba ne gare ku. Mutanen arewa, Buzaye da Fulani, sun kafa ƴan tantuna a bakin kwalta, ba raƙumi ba saniya, suna jiran ranar rabon jar dawa. A kowane shinge sai an sauke mu an duba takardu. Kusa da Doso wani jandarma ya juya takardar Inna ya ce da Hausarsa ta Zabarmawa, "Tsohuwa, ina za ki da nisa haka?" Ta ce, "Kai uwarka ta san inda kake?" Ya ce ta sani. Ta ce, "To ni ban sani ba." Ya miƙa mata takardarta da hannu biyu, bai ko buɗe ƙunshinta ba.

A Yamai mun sauka gidan wani mahauci ɗan garinmu. Mutanen birnin suna ta kukan kogi ya ja baya, yara suna taka shi da ƙafa. Da motarmu ta hau gada Inna ta leƙa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga ne ya ƙahe? Su ba mu ƙahewar mu kai Bambeye."

A iyaka aka ce mana ƙasar da za mu shiga ta canja suna ba da jimawa ba, kada wanda ya faɗi tsohon sunan gaban ma'aikata. Inna ta ce ita ba ta san na da ba balle ta yi kuskure. Sun zazzage kayan kowa a ƙasa. Nan na ga abin da ke cikin ƙunshinta: zane biyu, tasbi, ƴar ƙwarya, da jakar gero wadda ba ta fi tiya guda ba. Na gane shi, shi ne abin da ya rage a gindin rumbunta. Na ce, "Inna, don mi?" Ta ɗaure jakar ta mai da cikin ƙunshi.

Wagadugu gari ne na babur. Abin da ya fi ba ni mamaki mata ne suke tuƙawa, da goyo a baya da kwando a ka. Inna ta tsaya a bakin titi tana salati, ta ce ko jakin gidanmu ba ta yarda ta hau da goyo ba. Mun kwana a zango wurin wani dattijo Bakatsine mai saukar da baƙi. Tuwonsu kamar namu ne, miyar ce yauƙinta ya yi yawa. Da safe na je tasha sayen tikiti, kuma a nan na yi kuskuren da ya wahalar da mu. Mai sayarwa yana bayan taga mai waya, ba ya jin Hausa, ni kuma Faransancina bai wuce na auna wando ba. Ya tambaye ni wani abu, na ce "Abijan". Ya sake tambaya, na sake cewa "Abijan". Ya ɗaga kafaɗa ya ba ni. Ashe jirgi iri biyu ne, akwai mai gudu wanda manyan garuruwa kaɗai yake tsayawa, akwai mai tsayawa a kowace tasha. Abin da yake tambayata ke nan.

Kuna tambayata kamannin jirgi. Ku ɗauki ɗakunan kwano masu tsawo ku jera su, ku ƙulla wannan da wancan, ku sa musu ƙafafun ƙarfe a kan ƙarfe biyu da aka shimfiɗa har inda ido ya ƙare. Cikin kowane ɗaki akwai benci da taga, har da makewayi. Da ya motsa Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Unguwa ce guda ta tashi." Ba ya tsalle kamar mota, sai dai rangaji da ƙara iri guda har ta shiga kan mutum.

Wadda ta zauna gabanmu wata Hajiya Laraba ce, ƴar kasuwa haifaffiyar zangon Buwake, wani babban gari kafin Abijan. Hausarta irin ta Kanawa ce. Duk lokacin da Inna ta ce "mi" ko "tahi" sai ta ƙyalƙyale da dariya, Inna kuma ta ce mata, "Ke ce kika karkata, ɗiyata, mu a kan hanya muke." Kafin azahar sun zama kamar uwa da ɗiya. Ita ta koya mana sayen abinci ta taga. Da jirgi ya tsaya sai mata su yi caa da faranti a ka, mangwaro, soyayyar kaza, burodi, dafaffen ƙwai. Dole ka riƙe abin da ka saya kafin ka saki kuɗi, in ba haka ba jirgi ya raba ku.

A Bobo na sauka cika buta don alwalar Inna. Layin famfo ya yi tsawo, na kai ke nan na ji usur. Na waiwaya na ga unguwarmu tana tafiya. Na sheƙa da buta a hannu, ruwa yana zuba, takalmina na hagu ya fice. Wani ƙaton Bamoshe, irin mutanen Wagadugu, da ke tsaye a ƙofar tarago ya kama wuyan rigata ya ɗaga ni kamar ɗan akuya. Da na komo wurin zamanmu ina haki, Inna ta dubi ƙafata ta dubi butar, ta ce, "Ruwan ma rabi ne." Haka na shiga ƙasar mutane da takalmi guda, sai a Buwake Hajiya Laraba ta saya mini silifa ta taga kafin ta sauka. Sun rabu da Inna suna share ido.

Daga nan ƙasa ta soma canjawa. Itatuwa suka yi tsawo har suka rufe sama, ciyawa ta fi mutum. Inna ta kafa ido a taga. Can ta ce a hankali, "Duk wagga ciyawa, ba mai ci." Na san shanunta biyu da suka mutu take tunawa.

Cindo ya ce mini Tashar Goro tana gab da Abijan, in na ga rumfunan huhun goro a bakin layin dogo mun iso. Da hantsi na ga gidaje sun soma yawa, na sauke ƙunshinmu muka tsaya a bakin taga. Sai ga rumfunan, ga ƙaramin gini mai baranda, ga mutum da koriyar tuta a hannu. Jirgi ya rage gudu kaɗan, ya yi kuka, bai tsaya ba. A ƙarshen barandar akwai tebur da tukunyar ruwan zafi, wani mutum ya ba mu baya yana zuba wa wani kofi, sanduna biyu a jingine kusa da shi.

"Ga shi can," in ji Inna.

"Wa?"

"Wanka."

"Inna, ƙeya kawai kika gani."

"Ni na haifi ƙeyar. Ce su tsaya."

Ta nufi ƙofa tana bugunta da tafin hannu, tana cewa a tsaida shi. Mutane suka riƙe ta. Wani mai duba tikiti ya zo ya kalli namu ya yi ta bayani da hannu. Sai a lokacin na gane abin da na saya. Inna ta koma ta zauna, ta juya fuskarta wajen taga. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Babbar tashar Abijan ba zan iya ba ku labarinta ba, don ban ga kome ba sai ƙafafun mutane. Muna tsaye kamar ɓatattun tumaki sai na ji wani ɗan dako yana ce wa abokinsa, "Kai, ɗauka mu tahi." Na kama hannunsa. Mutumin Takanamat ne, can wajenmu. Da na ambaci Illa mai kofi na Tashar Goro ya ce wa bai san shi ba. Ya zaunar da mu a inuwa, ya kawo mana ruwa, da la'asar ya sa mu cikin ƙaramin jirgin da ke mai da ma'aikata gida. Taragonsa kaɗan ne, cike da leburori da akawuna da matan kasuwa masu kwandunan da suka sayar da kayansu. Shi wannan kowace tasha sai ya tsaya, wani wurin ma ban ga tashar ba sai itace guda da benci.

Mun sauka rana tana shirin faɗuwa. Illa yana goge kofuna. Ya yi furfura a gemu, wandonsa na dama a naɗe an soke shi da allura. Ni ya fara gani bai gane ni ba, ya ce, "Baƙo, kofi ko shayi?" Sannan ya ga wadda ke bayana. Kofin ya faɗi. Ya laluba sandunansa, ya so ya durƙusa, durƙuson ya gagara, ya zube zaune a kan siminti ya sunkuyar da kai.

"Inna."

Matar da ta ƙetare ƙasa uku saboda shi ba ta ko dube shi ba. Ta zauna a bencin masu shan kofi, ta gyara lulluɓinta, tana kallon dogo. Ta ce mini, "Tambaye shi ko wurin shina mai ciwo."

Na ce, "Yaya, Inna ta ce ko wurin yana ciwo."

"In an yi sanyi," in ji shi.

"Ce mai ya tashi, mutane na kallo."

Iyakar gaisuwarsu ke nan. Amma na ga gefen lulluɓinta da take murzawa har ya yamutse.

Ɗakinsa yana bayan rumfunan goro. A nan muka tarar da abin da Cindo bai faɗa ba. Illa yana da mata, Mariyamu, ƴar ƙabilar Jula, da ciki tsoho, da ƴar yarinya wadda aka sa wa sunan Inna, A'i. Mariyamu ta durƙusa har ƙasa. Hausarta kaɗan ce, Inna kuma ba ta jin ko kalma ta Julanci, amma kafin a yi sallar isha Inna ta karɓe tsintsiya daga hannunta ta nuna mata tabarma. Aka kawo aceke, wato garin rogo da aka turara, da soyayyen kifi. Ni na ci na ƙara. Inna ta ɗanɗana ta ce tsakin kaji ne aka sa wa tsami. Washegari ta sa aka aro turmi, ta sirfa geron nan nata, ta daka, ta yi fura. Nono babu mai kyau, da madarar gwangwani ta teburin Illa ta dama. Ta miƙa mini ƙwaryar ta ce, "Kai mai." Ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya shanye. Ya ce, "Geron gonar tudu ne." Ya juya ya shiga gyaran murhu, murhun da ba abin da ya same shi.

Na yi kusan mako biyu a wurin, kuma yawancinsa a tashar na yi shi, kusa da teburin Illa. Ƙarama ce ƙwarai, masallacin unguwarmu ya fi ta girma. Ɗaki guda na shef, wato shugaban tasha, taga guda ta tikiti, sito, sikeli na auna kaya, famfo, da ƙararrawa a rataye a baranda. Amma garin duka a kanta yake rayuwa. Da asuba ƙaramin jirgi yana kwashe masu aiki da matan kasuwa zuwa birni, to a lokacin Illa ba ya ko ɗaga kai, burodi da kofi kawai. Da hantsi mai gudu ya wuce, a tare hanya da sarƙa. Da rana a turo taragon kaya kan wani ɗan dogo na gefe, ƴan dako su yi ta loda huhu. Mata suna zaune a rumfuna suna tsince goro, fari daban ja daban, suna jera shi cikin ganyen fita. Goron da kuke ci a nan kasuwa, da yawa daga irin waɗannan rumfunan yake tasowa. Wani lokaci jirgin shanu ya sauko daga arewa, a tsaya a ba su ruwa. Na ga shanun ƙasarmu irin na Azawak a ciki, ƙashi da fata, na kau da kai. Da yamma kuma ƙaramin jirgi ya mai da mutanen da ya ɗauka.

Shef ɗin ne ya ba Illa gefen barandar bayan ya fito asibiti. Yanzu duk ɗan arewa da ya sauka wurinsa yake fara zuwa, ya ajiye kaya, ya tambayi inda ɗan'uwansa yake, ko wane jirgi zai hau. Mai tafiya gida kuma nan ake ba shi saƙo. Na ce masa, "Yaya, saƙon kowa ta hannunka yake wucewa, naka ne kaɗai bai wuce ba." Ya ci gaba da goge kofuna.

Akwai wani tsoho Bamoshe, Baba Tinga, wanda kullum yake zama a bencin Illa. Ya yi aikin dogo har ya gaji aka sallame shi. Wata rana Inna ta nuna wani ƙaton tanki a kan ƙafafun ƙarfe, ya yi tsatsa, ta ce rumbun wa ne. Tsohon ya yi dariya, ya ba mu labari da Julanci Illa yana juya mana da Hausa. Ya ce lokacin da aka kawo shi yana saurayi, zamanin aikin tilas na Nasara, wurin nan kurmi ne. Manyansa sun gaya masa daga bakin teku aka soma shimfiɗa dogon, ana sare itatuwa ana tafiya arewa, kuma mutane da yawa da aka kwaso daga ƙasarsu ba su koma ba. Jirgin da, itace yake ci, ruwa yake sha, shi ya sa aka yi tashar, don ya tsaya a loda masa itace a cika masa ciki daga tankin nan. Da jirgi ya riƙa tsayawa sai mata suka zo sayar da abinci. Fatake suka ga goro yana kusa, suka kafa zango. Daga baya aka kawo jirgi mai shan mai, tanki ya zama gidan tsuntsaye. Birni kuma, wanda da sai a yi tafiya mai nisa cikin kurmi kafin a kai shi, ya yi ta matsowa har gidajensa suka taɓa na garin.

Sannan ya tambayi daga ina muke. Da aka ce Nijar ya buga cinya. Ya ce ai dogon nan can aka nufa da shi, har bakin kogin ƙasarmu, sai ƙarfi ya ƙare a Wagadugu. Inna ta ce, "Ashe hanyar gidanmu ce ta gaji a tsakiya." Baba Tinga ya sa aka sake juya masa maganar, ya yi ta dariya har da tari.

Ran nan ne aka yi ruwa. Ba hadari ba iska, kawai sama ta buɗe. Mutane suka ruga baranda suna tsaki, wai ya ɓata musu ciniki. Inna ta tashi ta fita tsakiyar fili ta tsaya, tafin hannunta a buɗe. Mariyamu ta yi ta kiranta, "Inna, mura!" Sai da ta jiƙe sharkaf ta dawo. Ta ce mini, "Alkasum, kun ji su? Tsaki suke wa ruwa."

Da kwanakin komawa suka matso na zauna da Illa bayan wucewar mai gudu, lokacin da tasha take yin shiru. Na ce masa don shi muka zo, dangi suna jiransa, ba wanda zai yi masa gori.

Ya ce, "Na sani. Da kunya ce ta riƙe ni, yanzu ta hita tunda Inna ta gan ni. Amma in na koma mi zan yi? Ba ni iya kama hauya. Rumbu ba kome. In kai muku baki huɗu a wagga shekara? Nan ko ba kome ina iya aika buhu." Sannan ya ce, "Kai za ka gaya mata. Ni ba ni iyawa."

Na same ta tana tsefe wa takwararta kai. Na yi ta kewaye-kewaye, ta katse ni.

"Na ji ku. Gaskiya tai."

"To sai mu shirya, Inna, jibi akwai jirgi."

"Kai ka shirya."

"Kaka?"

"Yarinyar nan haihuwa yau ko gobe, uwatta na nesa. Wa za ya yi mata wankan jego, kai? Kuma can gida baki guda ya ragu. In ruwa ya sauka ka shuka min gonar tudu, kada ka bar ta kwance. Akuyata ka bar ta wurin maƙwabciyata Kulu."

Duk dalilan da ta jera ba ta sa Illa a ciki ba. Shi kuwa yana bakin ƙofa a kan sandunansa yana ji, hawaye yana bin gemunsa.

Ranar tafiyata ya saya mini tikiti da kansa, na jirgin da ke tsayawa ko'ina har Buwake, can in canja. Ya sa aka ɗaure mini ƙaramin huhu na farin goro. Muna jiran ƙararrawa ya shiga faɗa mini yadda zan raba shi: gidan Maigari, gidan Liman, Baba Ɗanjuma maƙeri, Abdu wanzami, su Mamman na bakin rijiya, tsohuwa Tabawa mai ƙuli-ƙuli wadda take ba shi na taɓa baki yana yaro. Gida gida ya bi garin kamar jiya ya bar shi. Na buɗe baki in gaya masa maƙerin ya rasu, su Mamman sun yi Nijeriya tun bara, sai Inna ta taka mini ƙafa. Ta ce, "Ka ji dai. Ka kai." Jirgi ya zo, na hau. Ta taga na ga Illa yana ɗaga sanda guda, Inna kuma ta riga ta juya tana kwashe kofuna daga teburinsa.

Komowa ba ta da labari, sai dai ban sauka cika buta a ko'ina ba. Na kwana guda a Tawa na wuce Bambeye. Dangi suka taru suna leƙen bayana. Kawuna ya ce, "Mun aike ka ka ɗauko mutum guda, ka baro biyu?" Na ba su labari, aka yi fatiha.

Da la'asar na ɗauki goro na bi gari yadda Illa ya faɗa. Wasu gidajen na yi sallama an amsa. Wasu na tarar da ƙaya a ƙofa, rairayi ya cika zaure. Rabon waɗanda ba su nan na haɗa shi na kai wa Liman ya raba a masallaci. Gidan tsohuwa Tabawa ne na ƙarshe. Ita kaɗai ta rage a cikinsa, idonta ya tafi. Na durƙusa na sa mata goro a hannu. Ta shafa shi, ta kai hanci.

"Wanga sabo ne. Wa ya aiko?"

"Illa."

"Illa na A'i? Shina da rai?"

"Shina da rai, Iya. Ya ce in gaishe ki."

"Da sunana ya ce?"

"Da sunanki, har da ƙuli-ƙuli."

Ta yi dariya, bakin ba haƙori ko ɗaya. Ta fasa goron da farce, ta miƙa mini ɓari guda ta ce in daka mata. Ɗayan ɓarin ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ja ƙullin da kyau.

"Wanga na aje," in ji ta. "Sai ya zo mu ci."